Gilashin Zuƙo Nesa Don Dajin Yankari

Tambaya: Malam, zan je Yankari ɗaukar hoton giwaye da tsuntsaye. Wane gilashin zuƙo nesa zan saya wa kyamarata?

Amsa: Ɗan'uwa, giwa ba ta da wuya, gilashi mai 100-400mm (lambar da ke nuna ƙarfin zuƙowarsa) ya wadatar. Tsuntsu ne ke buƙatar 150-600mm, sai dai nauyinsa ya kusa kilo 2, don haka ka haɗa da sandar da ake ɗora kyamara a kai. Ka zaɓi mai hana girgiza. Kada saurin ɗauka, wato saurin ƙiftawar kyamara, ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukai za su fito dishi-dishi.

Ka fita da sassafe. Da rana ta take, hucin ƙasa yana ɓata hoton nesa komai tsadar gilashi. Lokacin hunturu kuwa, a cikin mota za ka canja gilashi, tagogi a rufe, saboda ƙura.