Fuskar jitar da na ƙera ta tsage: laifin gam ne ko na katako?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na shafe wata bakwai ina ƙera jitata ta farko, mai tsirkiyar ƙarfe, a ɗan lokacin da nake samu bayan na tashi daga aiki. Katakon fuskar a matsayin busasshe na saye shi, kuma na haɗa gangar jikin ne a kwanakin da ake ta ruwan sama. Wata huɗu da gamawa, bayan iska ta bushe, sai na tarar da tsaga ta taso daga ƙasan jaki, wato ɗan katakon da ke manne a fuskar yana riƙe tsirkiyoyi, ta nufi gindi, gefe ɗaya na jakin ma ya soma ɗagawa. Wani mai gyara ya ce in cika tsagar da efokzi, gam ɗin nan mai daskarewa da tauri, in shafe cikin jitar da mai, in kuma ƙara fenti mai kauri don katakon ya daina motsi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin aikin ya lalace ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, aikinka bai lalace ba, kuma irin wannan tsagar tana gyaruwa har a manta da ita, muddin ba a bi shawarar da aka ba ka ba. Yau ɗin nan ka sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, domin tsirkiyar ƙarfe shida tana jan jaki da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye, alhali kaurin fuskar bai wuce milimita 3 ba. Kada kuma ka riƙa shafa tsagar da yatsa, saboda maiƙon hannu da datti suna shiga cikinta su bar baƙin layi, su kuma hana gam kamawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar nan "busasshe", domin ita ce ta hallaka jita fiye da kowane kuskuren sassaƙa da na sani. Mutane sun ɗauka cewa katako idan ya bushe sau ɗaya to ya gama motsi har abada, ko kuma akwai wani abin shafawa da zai tsayar da shi. Babu ko ɗaya. Katako yana shan danshin iska yana saki muddin yana nan, ko da ya shekara ɗari da sarewa. A ɗakin da danshin iska yake kashi 45 cikin ɗari, ruwan da ke cikin katako yakan tsaya a wajen kashi 8. Idan danshin ya hau 80, katakon yakan kai kashi 16. Idan ya faɗi zuwa 30, sai ya koma wajen kashi 6. Saboda haka wanda ya sayar maka bai yi maka ƙarya ba, katakon ya bushe a wurinsa, amma da ya kwana biyu a ɗakinka cikin laima sai ya sake sha ya kumbura, kai kuma a kumburen nan ka manna shi.

Katako kuma ba ya motsi daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawon jijiyarsa kusan ba ya canzawa, ta faɗi ne yake buɗewa yana tsukewa. Faɗin fuskar jita a wajen gindi yakan kai santimita 40, kuma tsakanin lokacin laima da lokacin bushewa wannan faɗin yana iya raguwa da milimita uku ko huɗu. Haƙarƙarin da ka manna a ciki, waɗanda suka gitta juna kamar harafin X, jijiyarsu ta ratsa ta fuskar ne, don haka ba za su rage tsawo ba, haka jakin, haka bakin gangar da ya riƙe fuskar ta kowane gefe. Fuskar tana son tsukewa, an kuwa ɗaure ta tamau, sai ta yage a inda ta fi rauni, wato tsakanin jaki da gindi. Ka shafa gefen wuyan jitarka, ina da tabbacin za ka ji bakin ƙarafan da aka jera a kan wuyan suna kartar hannu, domin allon yatsun ya tsuke ya bar su a waje. Ka ɗora rula a faɗin fuskar, za ka ga haske a ƙarƙashinta a tsakiya, inda da can akwai ɗan tudu. Duk ciwo ɗaya ne.

Shawarar mai gyaran nan kuwa na gaji da jin ta, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da aka faɗa wa mai koyo ita da tabbaci irin na gwani. Fenti, komai kaurinsa, jinkirta shigar danshi da fitarsa kawai yake yi, ba ya hana su. Abin da kaurin yake yi shi ne ƙara wa fuskar nauyi da tauri har sautin ya dakushe. Antonio de Torres, maƙerin Sifaniya da ya tsara siffar jitar gargajiya ta yau, ya ƙera wata a 1862 wadda baya da gefunanta na takarda ne da aka danƙare, domin ya nuna cewa muryar jita a fuskarta take. Tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barselona. Fuskar da muryar jitarka take a cikinta ce ake cewa ka lafta wa fenti. Mai kuma ya fi muni. An taɓa kawo mini wata jita da aka shafe cikinta da mai bisa irin wannan shawara, na leƙa da madubi da fitila na ga katakon ya yi duhu kamar an jiƙa shi, haƙarƙari biyu sun saki, duk gam ɗin da na sa sai ya ɓare kamar ɓawo, har sai da aka cire fuskar baki ɗaya aka yi sabuwa. Efokzi kuwa idan ka cusa shi yanzu da tsagar take a buɗe, ka sa tsinke mai tauri ke nan a cikin katako mai motsi: laima na dawowa fuskar za ta kumbura ta rasa wurin komawa, ta yi ƙozo ko ta tsage a gefensa, kuma babu mai iya cire shi ba tare da ya yanke katako ba. Abin da ya sa maƙera suka riƙe gam ɗin fata da gam ɗin katako irin su Titebond shi ne zafi da danshi suna kwance su, sai a gyara aiki bayan shekaru.

Gyaran da ya dace yana buƙatar haƙuri fiye da kayan aiki. Ka sa jitar a akwatinta ko a babbar leda tare da soso mai ɗan laima a cikin roba mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba, ka bar ta mako ɗaya ko biyu a danshin kashi 45 zuwa 55, wanda shi ne ma'aunin da kamfanin ƙera jita na Martin ke riƙewa a masana'antarsa. Yawanci tsagar kan rufe da kanta har ta koma kamar silin gashi. Sannan ka shafa gam a kanta, ka riƙa danna ta a hankali ta ciki don ya shige, ka goge rarar, ka matse ta yadda gefen biyu za su daidaita. Ta ciki ka manna ƙananan faci na irin katakon fuskar, kowanne kamar farcen yatsa, jijiyarsu ta gitta tsagar, da tazarar santimita uku ko huɗu. Idan ta ƙi rufewa a wannan danshin, kada ka tilasta mata da matsi; siririn tsinken katako ake fiƙewa a cike gurbin.

Jakin kuma a cire shi ake yi gaba ɗaya da ɗan zafi da wuƙa mai laushin baki, ba a ɗura gam ta gefen da ya ɗaga. Idan ka cire, ka duba ƙasansa, domin masu koyo da yawa a kan fenti suke manna shi, gam kuwa katako da katako yake so. Ka kankare wurin har katako ya fito fes kafin ka mayar.

Kafin ka soma jita ta biyu ka nemi ma'aunin danshi, ka kuma gwada gaskiyarsa: ka rufe shi a leda tare da murfin kwalba cike da gishiri mai ɗan jiƙa, bayan kwana ɗaya ya kamata ya nuna 75, abin da ya ƙaru ko ya ragu shi ne kuskurensa. Ka ajiye katakon makonni a ɗakin da za ka yi aikin, kada kuma ka manna haƙarƙari ko ka rufe ganga sai ma'aunin yana wajen 45, ko ƙasa da haka kaɗan idan inda jitar za ta zauna yana bushewa sosai, domin jitar da aka haɗa a bushe kumbura kawai take yi cikin laima, sai a rage tazarar da ke tsakanin tsirkiya da allon yatsu, wadda aka haɗa a jiƙe kuwa ita ce take tsagewa. Idan mako biyu suka cika, ka rubuto mini faɗin da tsagar ta rage da abin da ma'auninka yake nunawa kafin ka taɓa gam.