Kai albasa Gabon: lissafin da ya kamata a yi kafin a yi lodi

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwar albasa ne a Aliero, ina lodi zuwa Legas da Fatakwal. Ƙanena yana zaune a Libreville, ya ce buhun albasa a can ya ninka farashinmu, kuma kuɗinsu ya fi naira ƙarfi. Ina tunanin in sayar da rumbuna in haɗa jari in koma can gaba ɗaya. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ƙanenka bai yi ƙarya ba, abinci yana da tsada a Libreville. Amma kada ka sayar da rumbun. Bari in faɗa maka dalilin tsadar, domin a cikinsa amsarka take.

Gabon ƙasa ce ta kurmi. Daji ya rufe fiye da kashi 80 cikin 100 na faɗinta, mutanenta kuwa ba su kai miliyan uku ba, kuma mafi yawansu a birni suke, musamman Libreville da Port-Gentil. Wato Kano kaɗai ta fi ƙasar baki ɗaya yawan bakunan ci. Arzikinta man fetur ne, da ma'adinin manganis da ake haƙa a Moanda, da katako. Noma bai samu kulawa ba tun da fetur ya shigo, shi ya sa yawancin abin da ake ci daga waje yake zuwa. Tsadar da ƙanenka ya gani kuɗin hanya ne da kuɗin kwastan da hayar shago suka taru a kan buhu. Ba ribar mai kaya ba ce zalla. Kasuwa mai mutane kaɗan kuma tana saurin cika: motoci kaɗan su sauke kaya a kasuwar Mont-Bouët a mako ɗaya, farashi ya karye, kai kuma albasarka ba ta jira.

Yanzu ka dubi hanyar. Gabon ba ta da iyaka da Najeriya, sai ka ratsa Kamaru daga sama har ƙasa: Garwa, Ngaundere, Yawunde, Ebolowa, Ambam, sannan ka tsallaka zuwa Bitam da Oyem, ka gangara Libreville. Kowane shinge da nasa. Da ka wuce Yawunde ka shiga yankin ruwa da danshi, kai ka fi ni sanin abin da danshi yake yi wa albasar da ta kwana a cikin buhu a bayan mota. Su kuwa manoman Marwa da Garwa albasa suke nomawa sosai, sun fi ka kusa, kuma sun daɗe suna ciyar da wannan kasuwa. Ga wani abu da ya ƙara musu ƙarfi: Kamaru da Gabon suna cikin ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, CEMAC, tare da Chadi da Kongo-Brazzaville da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Equatorial Guinea. A ƙa'ida kayan da aka noma a cikin ƙungiyar ba sa biyan harajin shigowa, naka kuwa baƙo ne, zai biya. Harajin kayan masarufi na waje yana kaiwa kashi 30 cikin 100. Ta ina za ka kayar da mutumin Marwa a farashi?

Hanyar ruwa ta kwalekwale daga Oron ko Kalaba kuwa, ba na ba kowa shawararta, ba don kaya ba, ba don rai ba.

Batun kuɗi. Sefar Gabon ba irin ta Nijar ba ce, ko da yake darajarsu ɗaya. Ta Nijar bankin BCEAO ne yake buga ta, ta Gabon bankin BEAC, kuma mai shago a Maraɗi ba zai karɓi ta Libreville ba sai ka bi ta hannun ɗan canji ya cire nasa. Alherinta shi ne an ɗaure ta da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ba ta tashi da faɗuwa irin na naira. Wahalarta fitar da ita. Tun 2019 BEAC ya tsananta dokar aika kuɗi waje, banki zai nemi takardun da suka nuna daga ina kuɗin ya fito. Wanda ba shi da rajistar kasuwanci sai ya koma ga masu aikawa ta bayan fage, kuma idan kuɗi ya ɓace a nan babu kotun da za ka je.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne komawa can da zama. Gabon ba ta cikin ECOWAS, fasfonka ba zai shigar da kai haka nan ba kamar Kwatano. Kana buƙatar biza, sannan takardar zama, kuma ana binciken ta a kan titi. A 1995 gwamnatin Omar Bongo ta tilasta wa baƙi marasa takarda barin ƙasar, dubbai suka fita. Iyalan Bongo sun yi mulki daga 1967 har zuwa 30 ga Agusta 2023, ranar da sojoji suka kifar da Ali Bongo. Janar Brice Oligui Nguema da ya karɓi mulki ya ci zaɓe a Afrilun 2025, kuma manufarsa a fili take: ayyuka su koma hannun 'yan ƙasa. A Agustan 2025 gwamnatinsa ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan Gabon kaɗai, ciki har da ƙaramin ciniki na unguwa da gyaran waya. Baƙon da ya zo yau ya kafa tebur yana kiri ya shigo a mugun lokaci.

Idan har ranka ya kwanta da Gabon, ga yadda zan yi da ni ne. Ka bar albasa a hanyar Legas da ka sani. Ka tambayi ƙanenka ya aiko maka hoton takardar zamansa da ta rajistar shagonsa. Idan ya fara kame-kame, magana ta ƙare a nan. Idan suna nan da rai, ka gwada shi da kayan da ba sa ruɓewa kuma ba su da nauyi: ɗinkakkiyar shadda, huluna, takalman fata, turare. Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar, amma akwai 'yan Mali da Senegal da Benin da namu da yawa a Libreville, ga kuma Hausawan Oyem da Bitam da suka yi zuriya a can. Kaya su isa wata guda kafin Sallah. Kada abin da za ka zuba ya wuce wanda in ya salwanta rumbunka ba zai girgiza ba.

Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu duk da kuna ciki ɗaya: nawa ne uwar kuɗi, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki asarar hanya, kuma da wane kuɗi za a yi lissafi. Ni da sefa zan rubuta, don kada faɗuwar naira ta zama gardama tsakaninku. Riba kuma ka ƙirga ta ranar da kuɗi ya shigo hannunka a Aliero, bayan ɗan canji ya cire nasa.