Girman kai rawanin tsiya: amsa ga wata uwa daga Anguwar Rogo

Wata baiwar Allah daga Anguwar Rogo a nan Jos ta aiko da doguwar tambaya, zan taƙaita ta. Ɗanta shekararsa 16. Da aka raba sakamakon jarrabawa ya ga ya zo na uku, sai ya yayyaga takardar tun a bakin ƙofar makaranta, ya ce malamai ne ke masa hassada, ya kwana biyu a ɗaki ba ya kula kowa. Ƙannensa ba su isa su buɗe baki a gabansa ba. In ya sa hotonsa a TikTok, ya dinga duba waya ke nan har tsakar dare don ya ga mutum nawa suka yaba. Sun kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa, ta ambaci wata kalma, nasisizim, ta kuma ce maganinsa zama ne a riƙa zance da shi. Tambayarta ita ce: mece ce wannan kalma da Hausa, son kai ko girman kai? Sannan kakar yaron ta ce asarar kuɗi ce kawai, domin hali zanen dutse ne.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Hukunci kan ciwo na likita ne, ni fagena kalmomi, kuma ta nan zan bi.

Kalmar daga sunan wani saurayi ta fito a tatsuniyar Girkawa, Narsisus, wanda mawaƙin Rumawa Obid ya rubuta labarinsa kimanin shekara 2000 da suka wuce. Kyakkyawa ne, ya wulaƙanta duk wadda ta so shi. Ran nan ya sunkuya zai sha ruwa a tafki, ya ga fuskarsa, ya kamu da son ta, ya kasa tashi daga wurin har ya rame ya mutu. Wani likita na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Sigmun Furoid, ya yi rubutu a kan lamarin a 1914, kuma a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta na cututtuka. Kundin na yanzu ya lissafa alamomi 9, sai an samu 5 ake kiran abin larura. Cikinsu akwai ganin kai ya fi kowa, ƙishirwar yabo, rashin jin zafin wani, da zaton kowa na yi maka hassada. Ga wanda bai kai shekara 18 ba, sai alamomin sun zauna aƙalla shekara guda. Kundin da kansa ya ce samari da yawa suna nuna irin wannan hali kuma ba larurar ba ce, abin nan ne da muke kira tashen balaga.

A matsayin fassarar nasisizim, son kai bai dace ba. A bakin Bahaushe son kai maganar rabo ce: wanda ya zaɓi tsoka mafi girma a kwano, wanda ya sa nasa a gaba. Shi ya sa muke cewa so duka so ne amma son kai ya fi, wato kowa na da shi. Yanga da taƙama a tafiya da sutura suke. Fankama, homa da cika baki a harshe suke. Girman kai kuwa a mu'amala yake, kuma hadisi ya fayyace shi da ƙin gaskiya da raina mutane. Malamai suna da wata kalma da muka aro daga Larabci, ujubu, wato mutum ya riƙa burge kansa da kansa, kuma ita ta fi kama da saurayin bakin tafki. Amma ba kowa ya san ta ba. In ni aka ba zaɓi, zan ce larurar jiji da kai. Maimaita "ji" ɗin nan yana nuna abu ne da ba ya yankewa, kalmar "larura" kuma tana raba shi da zagi, domin duk sauran kalmomin da na lissafa na zargi ne.

Ki lura da wani abu. Tsakanin jin kai da jin ƙai lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi, masu rubutu a waya ma sukan yar da ita. Ga shi kuwa raunin jin ƙai, wato kasa jin abin da wani ke ji, yana cikin manyan alamomin wannan larura.

Karin maganar da na fi so ki riƙe ita ce girman kai rawanin tsiya. Mun saba jifan mutum da ita, da nufin girman kai tsiya yake jawowa. Amma dubi surarta da kyau. Rawani abin naɗawa ne a waje, alamar sarauta da malanta. Tsiya kuwa asalinta rashi ne, babu. To ga mutum ya naɗa ƙaton rawani a kan babu. Abin da manyan masanan wannan fanni suka gano ke nan. Hainz Kohut na Shikago, a littafinsa na 1971, ya ce yaro yana bukatar ya ga darajarsa a idon iyayensa kamar yadda ake duba madubi, in bai samu yadda ya kamata ba sai ya girma yana roƙon wannan madubin wurin kowa. Oto Kanbag na birnin Niyok a Amurka, a 1975, ya ce girman kan garkuwa ce da ke rufe fushi da hassada da jin rashin daraja. Sun saɓa kan yadda za a yi jinya, Kohut ya fi ba da ƙarfi ga fahimta da lallashi, Kanbag ga nuna wa majinyaci abin da yake yi ƙarara. Amma dukansu sun yarda abin da ke ƙarƙashin rawanin mai rauni ne. Yaron da ya natsu da kansa in ya zo na uku zai ji haushi, ya ci tuwonsa, ya kwanta. Wanda ya yayyaga takarda ya kulle kansa kwana biyu, ji ya yi an tuɓe masa rawani a tsakiyar kasuwa.

Na san za a jefe ki da ka so naka duniya ta ƙi shi. Kada ki ɗora wa kanki duka laifin. Masana sun ambaci yawan kambamawa, sun ambaci rashin kulawa, sun kuma ambaci ɗabi'ar da aka haifi yaro da ita.

Zancen da likita ta ce za a yi kuwa, sunansa a wurinsu saiko'analisis, ko jinyar da aka gina a kansa. Wata majinyaciya ce ta fara kiransa magani ta hanyar magana, a labarin da Furoid da abokin aikinsa Yosef Buroya suka buga a 1895. Na ji wasu na cewa "tonon zuciya", ban so shi ba, domin tono a Hausa yana tafe da tonon asiri da tonon silili, yaro mai gudun kunya kuwa zai tsere. Jinyar zance ta fi. Ba nasiha ba ce, a nasiha babba ne ke magana yaro na sunkuyar da kai. A nan yaron ne ke magana, sau ɗaya ko fiye a mako, ƙasa da awa guda kowane zama, tsawon watanni har shekaru, kuma akan ga iyaye daban. Abin da yake yi wa mutanen gida zai kawo irinsa ɗakin likita. Yau ya ce likitar nan ta fi kowa, mako mai zuwa ya kalle ta ya ce, "Ke me kika sani?" Ita ba za ta rama ba, ba za ta kore shi ba, sai ta tambaye shi me ya faru a ransa kafin ya faɗi haka. Wataƙila ta yi lattin minti biyar ne, ya ji an raina shi. A hankali yake koyon cewa za a iya ganin rauninsa kuma ba a wulaƙanta shi ba.

An tarbiyyantar da mu kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ce a zaman jama'a. Amma mu ne dai muka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saura maganar Kaka. Hali zanen dutse karin magana ce da aka yi ta don babban mutum da aka gwada shekara da shekaru. Ga ɗan shekara 16 akwai tasa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai ya haura shekara 20. Ki gaishe ta, ki kai mata wannan a hankali cikin ladabi, domin in ta goyi bayan jinyar yaron zai fi yarda ya je. Kalmar nasisizim kuma ki bar ta a ɗakin likita, kada ƙannensa su ji ta har su mayar masa da ita laƙabi.