Allo ya yi baƙi amma batirin inbata na ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, kwamfuta huɗu, duk Linux, manhajar xscreensaver ke kulle su. In an kulle allo yakan yi baƙi ƙirin amma 'yar fitilar monita na nan shuɗiya, kuma in an ɗauke wuta batirin inbata baya kai mu la'asar. Wani mai gyara yace in cire makullin gaba ɗaya, wai shi ke hana monita barci. In cire?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka cire, don Allah kar ka cire.

Baƙin da kake gani hoto ne kawai aka shimfiɗa a allo. Monitar LCD fitilarta a baya take, ita ke shan mafi yawan wuta, kuma baƙin hoto baya kashe ta. Ka gwada da daddare, kashe ƙwan shago ka duba gefen allon, zaka ga haske na tsartowa. Monita mai inci 22 tana jan wajen wat 20, huɗu kenan kusan 80 suna tafiya a banza, alhali in ta yi barci na gaske ko wat ɗaya bata kaiwa.

Barcin kuwa aikin DPMS ne, tsarin da VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin monita, ta fitar tun 1993, kwamfuta ta yanke sigina, monita ta kashe fitilarta, 'yar fitilar gaba ta koma ruwan lemo ko ta riƙa ƙyaftawa. Don gwaji, buɗe terminal, wurin rubuta umarni, ka buga xset dpms force off, in ta mutu to monitarka lafiya lau. Sai ka shiga saitin xscreensaver, shafin Advanced, ka kunna Power Management ka sa minti 10. A can zaka sa, domin in ka sa da xset shi xscreensaver zai dawo ya goge maka.

To maganar cire makulli, wallahi ita ke ƙona min rai, kusan kullum sai an zo min da ita. Mutum ya ga allo ya yi baƙi sai ya ɗauka an kulle, ya tafi masallaci hankali kwance, alhali monita ce kawai ta kwanta, duk wanda ya motsa maus komai zai buɗe masa. Kai kuma shagonka ba sirrinka kaɗai ke ciki ba, akwai NIN ɗin mutane, hotunan fasfo, takardun JAMB na ɗiyan jama'a, imel ɗin wani da ya manta bai fita ba. Na taɓa shiga wani shago ana sallar azahar, ba kowa sai yaro yana sharar ƙasa, tsintsiyarsa ta taɓa wayar maus, sai ga takardar bankin wata baiwar Allah ɓaro-ɓaro har da lambar asusu. Da na tambaya, shawarar wani mai gyara ce, irin masu sukundireba ɗaya da filas, in abu ya fi ƙarfinsu sai su ce a cire. Amanar mutane ce fa Alhaji, ya za'a yi a bar ta a buɗe saboda wat 80 da saiti ɗaya ke magancewa?

In ka gama saitin ka kulle, ka jira minti goman, fitila ta canza launi, ka motsa maus ka tabbatar ta nemi faswod kafin ka tashi.