Kwamfutata Na Shirin Mutuwa, Yaya Zan Ceci Fayilolina?

Tambaya: Malam, kwamfutata tana yawan daskarewa, wasu fayiloli ma sun ƙi buɗuwa. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, wataƙila alamu ne na faifan ajiya ya fara lalacewa, kuma duk kunnawar da kika yi tana ƙara gajiyar da shi. Kada ki girka wata manhaja, kada ki sa ta gyaran faifai. Yawan karanta faifan da kwamfutar ke yi na iya ƙarasa shi.

Jona faifan waje, ki fara da takardu da hotunan da ba su da madadi, kaɗan-kaɗan. Kwafa za ki yi, ban da yankewa (wato ɗauke fayil daga inda yake). Fayil ɗin da ya tsaya, tsallake shi.

In kwamfutar ta ƙi tashi, a cire faifanta a haɗa shi da wata kwamfutar ta kebul ɗin SATA zuwa USB (mai haɗa faifan ciki da kwamfuta daga waje), in faifan irin SATA ne. Amma in kin ji faifan yana ƙarar ƙas-ƙas, kashe ta nan take, sai ƙwararru.