Ina koyon haɗa website amma gwiwata ta fara sanyi

Wani ɗan'uwa ya rubuto: "Salam Malam. Ina ƙasar waje ina aikin dare a sito, na kusa shekara ina koyon haɗa shafukan intanet don in canza sana'a. Yanzu JavaScript, yaren kwamfuta da ke sa shafi ya yi aiki, ya ƙi shiga kaina, ga 'yan gida kullum a turo a turo. In ajiye aikin ne in shiga kwas na kuɗi, ko in haƙura kawai?"

Wa alaikassalam ƙanina, sannu da ƙoƙari. Mutum ya taso daga aikin dare ya buɗe laftof, wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar ajiye aiki tukuna, don ita ta fi tayar min da hankali. Kar ka saki reshe ka kama ganye. In bizarka a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ka, ranar da ka ajiye aikin zamanka ma ya shiga matsala, kuma sabon kamfani sai ya yarda ya tsaya maka a takardu, abin da ba kasafai suke yi wa ɗan koyo ba. Ka fara ganin lauyan shige da fice ya duba irin takardarka kafin ka motsa. Kasuwar ma ta yi tsauri tun korar ma'aikata da manyan kamfanonin fasaha suka yi a 2022 da 2023, ga AI ya shigo, don haka duk mai kwas ɗin da ya ce wata uku ka samu aiki, ka yi taka-tsantsan da shi.

Sanyin gwiwar nan kuwa, daidai inda kake nan mutane da yawa ke tsayawa. HTML da CSS, masu tsara fasalin shafi da kwalliyarsa, kana rubutawa kana gani a allo nan take, ranka na daɗi, shi kuma JavaScript sai ka yini a kan layi ɗaya abu ya ƙi tashi ba ka ma san dalili ba, sai ka fara cewa ko kanka ne bai ja. Kanka lafiya lau. Zargina shi ne kana ta kallon bidiyo a YouTube kana kwafar abin da malami ya buga, ka gama kwas ka faɗa wani, in an ba ka shafi fari fat hannunka ya tsaya. Wannan shi ke kashe zuciya, don kana wahala amma babu abu ɗaya da za ka nuna ka ce nawa ne.

Ka zaɓi hanya ɗaya, freeCodeCamp ko The Odin Project, duka shafukan koyo ne na kyauta, in ka maƙale ka duba MDN, shafin da ke bayanin waɗannan yarukan. React, wani kayan aiki da aka gina a kan JavaScript, ka bar shi tukuna har JavaScript ya zauna. Sai ka gina abin da kai kanka ke buƙata, misali ɗan shafi mai lissafa awoyin aikinka da abin da za a biya ka. Zai yi muni da farko, ba komai, ɗora shi a GitHub Pages, wurin da ake sa shafi ya hau intanet, ka tura wa abokin aiki ya gwada a wayarsa. Minti 40 kullum bayan ka yi barci ya fi awa shida ranar hutu kana gyangyaɗi. Ka kuma nemi mutum ɗaya da kuke koyo tare, duk mako ku nuna wa juna abin da kuka yi, kaɗaici a ƙasar mutane na cinye himma sosai.

'Yan gida kuma ka faɗa musu gaskiya cikin ladabi, musamman iyaye, kana karatu, ga abin da za ka iya turowa duk wata, ka tsaya a kai. Amma kar ka yi musu alkawarin ranar samun sabon aiki, nauyin alkawarin kaɗai sai ya hana ka karatun.

In ka ɗora shafin farko ka sake rubuto min, mu duba yadda za ka sa shi a CV. Allah Ya dafa maka.