Amsa ga mai tambaya kan ɗaukar hoton tsuntsaye a hunturu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu sukuni. Ka ce ka sayi kyamara ta hannu mai gilashin jawo nesa (lens) mai lamba 70-300, kana fita bayan gari wajen Kura da sassafe, amma hotunan toka-toka suke fitowa, tsuntsun kuma ɗan ɗigo a tsakiya. Sannan wani ya ce maka hunturu ba lokacin tsuntsu ba ne, ko dai ka jira damina, ko ka tara kuɗin zuwa Yankari da na babban gilashi.

Wanda ya gaya maka haka shamuwa ya duba bai gani ba. Gaskiya ne ta tafi, da ruwa take zuwa, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu. Ƙananan nan masu jar riga da ke lilo a kan karan gero da damina su ma sun zubar da ado, sun koma ruwan ƙasa. To amma daidai lokacin nan ne baƙi ke sauka. Daga Satumba zuwa Nuwamba tsuntsayen da suka yi ƙwai a Turai da Rasha suke tsallako Sahara, su zauna tare da mu har Maris ko Afrilu. Da damina kuwa ruwa ko'ina, ciyawa ta kai ƙugu, tsuntsu ya watsu cikin daji. Yanzu ruwa ya janye ya tsaya a 'yan wurare, ganye ya kaɗe, duk mai fiffike dole ya zo inda ka san zai zo. A wurina babu watannin da suka kai Disamba zuwa Fabrairu.

Kai da kake Kura ma ai a bakin abin kake zaune. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga yana bin kanal ta Bunkure da Kadawa da Garun Malam duk tsawon rani. Ka bi gefen kanal ɗin, ka nemi inda ruwa ya yoyo ya yi laka, da gonakin shinkafar da aka yanke aka bar ƙwaya a ƙasa. Nan za ka tarar da garken tsuntsayen nan masu dogayen ƙafa da littattafai ke kira ruff suna tsintar shinkafa, mazan sun ɗara matan girma sosai har ka ɗauka iri biyu ne. Ga belbela, ga zalɓe tsaye shi kaɗai, in ka yi sa'a ga kirinjijiya suna wucewa da fito. Akwai kuma wani shaho baƙo da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawar ruwa, fikafikansa a ɗan ɗage sama, macen ruwan goro mai duhu da fari-fari a ka. In ka ga ƙananan tsuntsaye sun tashi fuu gaba ɗaya ba dalili, ɗaga kai, shi ne.

Amma inda na fi so ka ba lokaci shi ne gindin gawo. Kowa ya san halin gawo, da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore shar ya yi fure. Saboda haka a watannin nan shi ke tara ƙwari da tsutsa, ƙananan baƙi masu cin ƙwari kuma can suke yini. Bagaruwa da aduwa ma suna ja, duk itace mai ƙaya dai. Darbejiya da turare kuwa, duk inuwarsu, sai ka gaji da kallo ba ka ga komai ba sai kurciya. Cikin masu shiga gawo da ƙaya akwai wani ɗan ƙarami mai farin maƙogwaro, nauyinsa kimanin giram 15, da wani mai jar wutsiya da ke karkaɗa ta duk sanda ya sauka. Na farkon yana da labari. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga fiye da rabinsu ba su dawo ba, aka bi diddigi aka gano farin da aka yi a yankinmu na Sahel ne ya cinye su. Duk sanda na ga an sare tsohon gawo an yi turmi ko itacen girki, wannan ɗan tsuntsun nake tunawa. Kafin su koma kuma, wajen Maris, sukan ci su yi kitse, wasu irin har nauyinsu ya kusa ninkawa, da shi za su tsallake hamada.

Yanzu maganar ɗan ɗigo a tsakiyar hoto. Gilashinka bai gaza ba, tafiyarka ce ta yi yawa. Tsuntsu ya san mutum mai tafiya, ya fi sanin mai tafiya yana kallonsa. Ka lura manomi na ban ruwa taku goma daga belbela ba ta ko motsa ba, kai kana doso ta da kyamara daga nesa ta tashi. Ga kuma zakaran ƙeƙuwa, ɗan tsegumin fadama, da ya hango ka zai ɗaga murya ya sanar da kowa. Abin da nake yi, in na isa wuri na zaɓi gindin itace ko bayan kunya, na shimfiɗa buhu na zauna, gwiwa a sama, gwiwar hannu a kanta. Rubu'in awa na farko ba abin da zai faru, nan ne yawancin mutane ke tashi. Ka daure. Bayan haka sai fadama ta manta da kai.

Akwai wata mashaya da nake zuwa inda Fulani ke kawo shanu da hantsi. Ina gaisawa da makiyayin, in zauna kusa da inda shanun za su bi. Tare da su wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki da doguwar wutsiya suke tafe, suna gudu tsakanin kofato suna cafke ƙwarin da shanu suka tayar. Su ma baƙin Turai ne. Saboda sun saba da ƙafafu masu motsi, sai su zo har gabanka, wani lokaci ɗaya ya matso har gilashin ya kasa kama shi don kusanci, kana ganin laka a ɗan yatsansa da ƙafar sauro a gefen bakinsa. Da 300 ɗin nan taka irin wannan hoton zai cika fuska. Kuma ka yi ƙasa sosai, idonka daidai da idon tsuntsu. Hoton da aka ɗauka a tsaye ana leƙen tsuntsu daga sama, laka ce bayansa. Wanda aka ɗauka a kwance, bayan ya narke ya bar tsuntsun shi kaɗai.

Inda za ka zauna ma akwai lissafi, kuma hunturu ya yi mana gata a nan. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma a Janairu bakwai saura 'yan mintoci take fitowa ta gabas, ta ɗan karkata kudu. Tsuntsu iska yake fuskanta in ya sauka, cikinta kuma yake tashi. To in ka zauna ta gabashin ruwa, rana da iska duk suna bayanka, tsuntsayen kai za su fuskanta, haske a fuskarsu, in sun tashi ma ta wajenka za su fara yowa. Wanda ya zauna ta yamma sai dai ya tara hotunan wutsiya da baƙar inuwa.

Toka-tokar da kake gani hazo ne. Ƙura ce tsakaninka da tsuntsun, duk yadda tazara ta ƙaru ita ma ƙaruwa take, kuma babu gilashin da ke maganinta, babba ma ƙara tattaro ta yake. Maganin dai shi ne kusanci. Ni ban ɗauki hazo abokin gaba ba. Ran da ya sauka sosai, kamar an yafa wa rana farin mayafi ne, haske ya yi laushi, ba baƙar inuwa a ƙarƙashin fiffike, kana iya aiki har ƙarfe goma. Ran da sama ta washe kuwa, tara na yi ka fara nannaɗe buhu, don da ƙasa ta ɗau zafi iska kan riƙa rawa a saman ruwa, hoto ba zai fita tas ba komai ƙoƙarinka.

Saitin kyamara ba shi da yawa. Saurin ƙiftawar kyamara (shutter) kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa ga tsuntsun da ke zaune, 1/2000 ga mai tashi, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ta hau yadda take so, gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da wanda ya jirge. Ka nemi maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi. In tsuntsu na kan reshe farar sama na bayansa, kyamara za ta rage haske ya fito baƙi ƙirin, sai ka ƙara ɗaya ko biyu. In belbela ce a gaban ciyawa mai duhu, ka rage ɗaya, in ba haka ba gashinta zai ƙone ya zama fari fat ba zane. Ka sa ɗigon saiti guda ɗaya tak, ka ɗora shi a ido. In kyamarar na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, ka kunna, rabin tokar nan a kwamfuta ko waya ake cire ta da ɗan ƙarin duhu da kaifin launi. Kar dai ka cika hannu har kurciya ta koma aku.

Ƙura kuma ita ce ajalin kyamara a ƙasar nan. Kada ka cire gilashi a fili ko sau ɗaya. Ka saka kyamarar cikin tsohuwar rigar matashi in kana kan babur, ka sayi 'yar robar hura iska, ka hure kafin ka goge, don goge ƙurar hunturu da gefen riga karce gilashi yake yi. In kuɗi ya samu, kafin babban gilashi ka fara sayen madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Wanda bai iya gano tsuntsu da ido ya san halinsa ba, kyamarar miliyan ma ba za ta nuna masa inda zai sauka ba.

Sai mutane, wanda ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci a zamanin nan. Baƙo da doguwar kyamara a bayan gari abin tambaya ne, kuma suna da gaskiya. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ka gabatar da kanka, ka yi sallama ga mai gona kafin ka taka kunyarsa, ka nuna masa hoton a bayan kyamara. Da yawa za su yi dariya, wani ya ce jan baki ya cinye masa shinkafa kai kuma kana ɗaukarsa hoto, amma gobe shi ne zai ce maka dinya ta sauka a wuri kaza. Kada ka juya gilashi wajen mata masu ɗiban ruwa, ko shingen jami'an tsaro, ko jikin madatsa. Yara za su biyo ka, wannan ba makawa. Ka ba babbansu madubin ya leƙa, ka naɗa shi mai tsawatar wa sauran. Kuma kada ka shiga ruwan kwance ba takalmin roba saboda tsargiya. Wando mai santsi ya fi, ƙarangiya ba ta da kunya.

In hannunka ya faɗa a gida, tafiyar da zan ce ka yi ba Yankari ba ce, dausayin Haɗeja da Nguru ne, a Janairu. Akwai Baturiya a Jigawa, akwai Dagona a ƙasar Bade ta Yobe, wadda ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ƙidayar Janairu ta haura tsuntsayen ruwa dubu 200. Can ne za ka ga agwagin Turai garke-garke, da ƙaramar nan garganey wadda namijinta ke fitar da farar gira wajen ƙarshen hunturu, da mai doguwar wutsiya, gauraye da kirinjijiya da dinya namu na gida. Sai dai wurin ya canza. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliyar ba ta zuwa yadda ta saba, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, sai ka ji kukan tsuntsu a bayanta ba ka ganinsa. Don haka ka nemi mai kwalekwale ɗan wurin, ka kuma tambayi halin hanya kafin ka tashi.

Ka riƙa rubuta abin da ka gani, da rana da wuri, ko a ɗan littafi ko a manhajar BirdLasser ko eBird. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana tattara irin waɗannan bayanai don taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma ƙauyukanmu da yawa ba wanda ya taɓa rubuta musu komai. In ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, ɗauki ƙafar ta kowane gefe har lambar ta fito, da ita ake sanin ƙasar da aka saka masa. Waɗanda ka kasa ganewa kuma ka turo su nan ko da toka-toka ne, ka faɗi girmansa in an gwada da kurciya, da irin itacen da ka same shi a kai.